Layi Huɗu a Bangon Ɗakin Iya Tabawa

Kawu Sahabi ƙanen mahaifiyata ne. An haife shi a Ollelewa a shekarar 1978, na biyar cikin ƴaƴa bakwai na Iya Tabawa, wadda ta yi shekara arba'in tana ungozoma a garin. Ni ce ke riƙe da kayen gidanmu, wato littafin gida, inda nake rubuta haihuwa da rasuwa, da wanda ya tafi Libiya da wanda ya dawo. Shi ya sa aka ce in rubuta labarinsa tun yana raye, ya gyara mini inda na kuskure. Ya karanta, bai gyara komai ba sai shekarar da ya buɗe shago.

Ya yi lakwal, wato firamare, a ƙauye, ya yi koleji a Tanout, bai ci jarrabawar ƙarshe ba. Sau biyu ya zauna, sau biyu lissafi ya ɗaga shi faransanci ya kayar da shi. Daga nan ya samu wani tsohon keken rubutu, ya zauna da shi ƙarƙashin itacen dogon yaro a gaban meri, ofishin magajin gari, yana buga wa mutane wasiƙa da takardar neman aiki. A 2009 ya sayo tsohuwar kwamfuta daga Damagaram, ya kama ɗan ɗaki mai ƙofar kwano kusa da tashar motocin Agadas. Har yau nan ne shagonsa. Mutanen Tanout suna ce masa Mushe Ordinater, wato malamin kwamfuta a faransanci, ko da yake bai taɓa koyar da kowa a aji ba.

Mutum ne gajere, mara yawan magana, mai karanta duk takardar da ta zo cikin kwalin magani tun daga sama har ƙasa. Abu biyu ne bai yarda da su ba. Bai yarda da takarda ba, tun ranar da ya buɗe akwatinsa ya tarar gara ta cinye takardar shaidarsa ta firamare, ta bar masa hatimi da rabin sunan mahaifinsa. Bai yarda da waya ba, tun da tasa ta faɗa rijiya da lambobin mutum ɗari biyu a cikinta.

A 2016 wani furoje, wato shirin rigakafin dabbobi, ya ɗauke shi aikin shigar da sunayen makiyaya da yawan dabbobinsu. Makiyayi ba ya son a san yawan abin da yake kiwo, ko ɗan'uwansa ba ya gaya wa, kuma ba su yarda sun faɗa ba sai da aka yi musu alkawarin ba wanda zai gani. Injiniyan furojen, wani Rissa mutumin Agadas, shi ya koya wa Kawu rubuta umarni da yaren kwamfuta da ake kira Paiton, ya kuma nuna masa yadda ake kulle bayanai. Ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya ƙirƙiro nasa salon ɓoyewa. Masana sun riga sun gina nasu, sun gwada shi shekara da shekaru, sun tara a kundi ɗaya da kowa zai iya saukewa. Shi dai aikinsa ya kira abin da ke cikin kundin, ya bi ƙa'idarsa.

Na taɓa tambayarsa yadda abin yake, ina aji na uku a koleji. Ya ce:

"Salon sunansa AES. Tubali-tubali yake aiki, duka girma ɗaya, yana cuɗa su da mabuɗi. Mabuɗin da ya rufe shi ne zai buɗe, babu na biyu a wurin kowa, har waɗanda suka gina shi. Kowane ƙunshi, abin da muke ce wa fishiye, yana da wata lamba tasa da ba a maimaitawa, ita ba sirri ba ce, a goshinsa ake ajiye ta. A ƙarshe kundin ya buga hatimi. In mabuɗinki ya kuskure ko da harafi ɗaya, hatimin ba zai yarda ba, ba za ki samu ko rabin kalma ba."

Na ce, "To in mabuɗin ya ɓata fa?"

Ya ce, "Sai ki yi haƙuri."

Da bazarar 2019 Iya Tabawa ta aika aka kira shi. Ƙafafunta sun fara kumbura, ta daina fita karɓar haihuwa. Ta ce akwai maganganu a cikinta da ba ta son tafiya da su, ba ta kuma son barinsu a bakin mutane. Ungozoma tana ganin abin da miji bai gani ba, tana jin abin da mace ke faɗa lokacin da take zaton mutuwa za ta yi. Akwai kuma maganar nono: wace ce ta shayar da ɗan wace a shekarun da abinci ya yi wuya, abin da ke haramta aure tsakanin mutanen da ba su san da shi ba. Ta ce ta ji ana ɗaukar murya a waya, amma ta kuma ji yadda katin waya ke yawo, a kai shi wurin masu caji da tura waƙa a kasuwa, kafin la'asar rabin gari sun ji abin da ke ciki.

Kawu ya ce zai iya kulle shi. Ta gindaya masa sharaɗi uku. Ba wanda zai saurara, har shi. In buƙata ta taso, a buɗe na shekarar da ake tambaya kaɗai. Masu ji kuma su zama liman da tsofaffi mata biyu, ɗaya daga kowane gidan da maganar ta shafa.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Kowace hantsi Kawu ya ajiye wayar a kan faifai gabanta, ya danna, ya fito. Ni nake zama a bakin ƙofa, nesa da inda zan ji, ina korar kaji da masu zuwa gaisuwa. In ta gama sai ta buga ƙwarya da ludayi. Ya shiga, ta gaya masa sunan shekarar, ya sa wa fishiyen: shekarar da aka haƙa rijiyar siminti, shekarar ƙyanda, shekarar fara. Guda arba'in da ɗaya suka zama. Ya kulle su duka da mabuɗi ɗaya, ya goge na asali daga wayar, ya ajiye kullallun a wuri uku. Kafin ya fara ya gwada mabuɗin a kan wani ɗan fishiye da ya rubuta sunan Iya kawai a ciki, ya bar shi tare da sauran.

Mabuɗin ba kalma ba ne da za a riƙe a ka. Kwamfutar ce ta zaɓo shi, baƙi talatin da biyu, lambobi gauraye da haruffa daga A zuwa F. Rissa ya koya masa cewa ba a ajiye mabuɗi wuri ɗaya da abin da ya kulle, don haka kwamfuta ta fita. Takarda da waya kuwa na riga na faɗi yadda yake da su.

A bayan ƙyauren ɗakin Iya akwai bangon da gidan duka ke rubuta lambobin waya. Haka ake yi a kowane gida a wajenmu: ɗa ya kira daga Sabha ta Libiya ko Kano, wanda ya iya rubutu ya ɗauki gawayi ya rubuta lambar a bango da sunansa a gefe. Lambar waya a ƙasarmu baƙi takwas ce. Kawu ya raba mabuɗinsa gida huɗu, takwas-takwas, ya kankara su da ƙusa a ƙasan sauran, don gawayi yana gogewa. Wanda ya kalla zai ɗauka lambobin wasu ne da aka manta sunansu. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Inna Zuhaira. Iya ta rasu a 2021, aka rufe ɗakin, aka mai da shi wurin ajiye tabarmi da tsofaffin ƙore. Duk sallar da ya zo gida sai ya shiga, ya leƙa bayan ƙyaure, ya fito. Mun ɗauka kewar mahaifiyarsa ce.

Samira ita ce ƴarsa ta uku, an haife ta farkon 2005. A Tanout ta haɗu da Nura ɗan Malam Barmo, mai gyaran famfon sola. Mutanen Ollelewa ne su ma, sun koma Falanko da zama tun Nura yana ƙarami, mahaifiyarsa Hafsat a can ta rasu. Shekara biyu yana zuwa zance. Da kakar 2024 aka sa rana, aka ce a gidan kakanni za a yi biki, kuma a ɗakin Iya amarya za ta zauna kwanakin lalle.

Saura mako huɗu, Kawu yana Belbeji wajen aikin furoje, Inna Zuhaira ta kira Attahir magini ya yaɓe ɗakin. Ranar da za a fara na shiga da kayena don in kwashe lambobin bango kafin su tafi. Na kwafi duk mai suna a gefe. Da na zo kan na ƙusa na rubuta layin farko, sai na ga haruffa a ciki, na ce wannan ba lambar waya ba ce, wasan wani ne. Na ja masa layi na bar sauran. Attahir ya kankare inda ya ruɓe, ya shafe bangon da jar ƙasa, ya yi sumul.

Bayan kwana biyar Gwaggo Kadi, yayar Malam Barmo, ta zo daga Falanko ganin amarya. Ta riƙe hannun Samira tana kallonta, ta tambayi shekarar haihuwarta. Da aka gaya mata sai ta saki hannun. Ta ce ita dai ba ta son ɓata wa kowa biki, amma shekarar da fara ta cinye hatsi, lokacin da aka kwantar da Zuhaira a asibitin Damagaram aka bar jaririya wurin Tabawa, ta taɓa shiga ɗakin Hafsat da rana tsaka ta ga jarirai biyu, kuma wadda ke kan nono ba ta Hafsat ba ce. Hafsat ta ja zane ta rufe. Ba ta tambaya ba, ba ta kuma sake tunawa ba sai yau.

Inna Zuhaira ta ce ita an gaya mata da madarar akuya aka riƙe ƴarta. Malam Barmo ya aiko cewa ƙarya ne, shi da bakinsa ya hana matarsa shayar da ɗan kowa a shekarar, don nata jaririn ma ba ya ƙoshi. Wasu suka ce ai ko an sha, ba tare da Nura aka sha ba, ya girme ta da shekara biyar. Liman Abdulgani ya ce wannan ba hujja ba ce: wadda ta sha nonon mace ta zama ƴar'uwar duk ƴaƴan matar, na gaba da na baya. Amma ya ce maganar mace ɗaya, wadda ba a taɓa jin ta ba sai yanzu, ba ta isa ta hana ɗaurin aure ba. In an ɗaura ya ɗauru. In an bari don shakka, ya fi tsabta. Gidajen biyu suka ce in da Tabawa na raye, abin da ta faɗa shi za a bi.

Kawu ya iso ranar Laraba da azahar. Ya saurari maganar a zaure, ya tashi ya nufi ɗakin Iya. Ina bayansa. Ya ja ƙyauren, ya tsaya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan sabon yaɓen ya daɗe bai ɗauke ba.

"Wa ya yi wannan?"

Inna Zuhaira ta ce, "Attahir. Ko bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau."

"To mene ne, Malam?"

Sai a lokacin ya gaya mana. Inna Zuhaira ta zauna a kan turmi ta ce, "Shekara uku kana shiga ɗakin nan kana fitowa da fuskar maraya, ashe bango kake gaisarwa. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da kai ban isa ka ce mini kada a taɓa nan ba?"

Ya ce, "Na yi kuskure."

Ta tashi daga kan turmin ta koma ɗaki.

Kowa a gidan ya gane abin da ke gabansa. In an bar bangon yadda yake, maganar Gwaggo Kadi ba ta hana komai, biki yana nan. In an tono mabuɗin, ko dai ya wanke auren ko ya kashe shi. Mahaifiyata ta ce a bar shi, Allah ne ya rufe. Kawu ya ce ba shi zai zauna a gidan auren ba, a tambayi mai zama. Aka kira Samira. Ta zo ta durƙusa, idanunta sun kumbura.

Ya ce, "Kin ji duk abin da ake ciki. In kin ce a bari, ba zan taɓa bangon nan ba, ba kuma wanda zai ce kin yi laifi."

Ta daɗe tana jan zaren tabarma. Sannan ta ce, "Baba, in na haihu, duk ranar da yaron ya yi zazzaɓi sai in ce ko alhakin wannan ne. A tono."

Washegari da safe aka kira Attahir. Ɗan Ila ne, wan Iya Tabawa, wato taubashin Kawu, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsiya ba. Ya shigo da cokali da ƴar wuƙa da gashin kaza, yana dariya tun daga ƙofar gida.

"Ina ɗan macen nan? Mushe Ordinater! An ce duk ilimin nasara da ka kwaso, a bangon laka ka jingine shi."

"Kai dai ka tono abin da ka binne."

"Ni na binne? Ka rubuta mini a goshinsa cewa wannan taskar gwamna ce? Ko jaki in ya ɓoye abu yana tsayawa kusa da wurin."

"Kaurin yaɓenka nawa?"

"Yatsa ɗaya. Ni ba na ha'inci, da wani ne da tuni ka gani ta ciki."

Ya durƙusa ya daina wasa. Tsohon bangon yana da shafen farar ƙasa, sabon kuwa ja ne, don haka duk inda ƙusa ta bi jar ƙasa ta cika shi. Attahir yana ɗan jiƙa wurin, ya kankare da bayan cokali, in ya kusa fari sai ya koma gashin kaza. Baƙaƙen suka riƙa fitowa ja a kan fari, ɗaya bayan ɗaya. Kawu yana faɗa, ni ina rubutawa. Lambar Yaya Abdulhafiz ta Sabha da aka yi da gawayi ta tafi gaba ɗaya, amma na ƙusa suna nan. Layi uku suka fito kafin azahar. A na huɗu, baƙi uku suka fito, sai cokali ya faɗa rami. Nan ne Attahir ya kankare ruɓaɓɓen wuri kafin ya yaɓe. Baƙi biyar na ƙarshe sun bi shara tun ranar da aka yi yaɓen.

Attahir ya ajiye cokalin. Ya ce, "Sahabi, wallahi ban sani ba."

Shi ne karo na farko da na ji ya kira shi da sunansa.

Kawu ya ƙirga da yatsa ya ce biyar ba ta fi ƙarfinsa ba. Kowane gurbi abu goma sha shida ne zai iya zama, biyar ɗin a haɗe sun ɗan haura miliyan ɗaya. Da goma sha biyar ne suka ɓata, ko jikokinmu ba za su ga ƙarshen gwajin ba. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ya jona kwamfutar da batirin sola, ya rubuta umarni da bai kai layi ashirin ba: a cika gurbin biyar, a miƙa wa kundin mabuɗin tare da ɗan fishiyen gwajin nan mai sunan Iya, in hatimi ya ƙi a wuce na gaba, in ya yarda a tsaya. Ya ce ƙaramin ya zaɓa don ya fi sauri, kuma don kada ya taɓa muryar kafin lokacinta.

Ya danna. Lambobi suka riƙa gudu a ƙasan gilashin. Attahir ya tsuguna yana kallo kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Kafin mu gama shan fura ta kai ƙarshe. Duka miliyan ɗin hatimi ya ƙi su.

Kawu ya ce to akwai wanda muka karanta ba daidai ba a cikin ashirin da bakwai ɗin. Suka koma ɗaki da Attahir suna bin baƙaƙen da yatsa. Ni kuwa sai a lokacin na tuna. Na ɗauko kayena na buɗe shafin lambobin bango, ga layin da na soke da biro. Na gwada shi da abin da na rubuta da safe. Baƙi na shida ya bambanta: yau mun karanta uku, ranar da bangon yake lafiya takwas na rubuta. Cokali ya ɗauke rabin cikinsa.

Na kai masa. Ya duba kayen, ya duba bangon, ya ce, "Me ya sa kika tsaya a layi ɗaya?"

Na ce, "Na ɗauka wasan wani ne."

Ya ce, "Haka na so a ɗauka."

Ya gyara, ya sake dannawa. Wannan karon ba ta kai rabi ba ta tsaya. A gilashin aka ga kalma ɗaya, Tabawa, da baƙi talatin da biyu a ƙarƙashinta.

Ranar Asabar bayan la'asar Liman Abdulgani ya zo. Gwaggo Kadi ta tsaya wa gidan Malam Barmo, yayar mahaifiyata ta tsaya wa namu. A ɗakin Iya suka zauna. Kawu ya buɗe fishiye ɗaya, na shekarar fara, ya nuna wa liman inda zai danna, ya fito ya ja ƙyaure. Ni na koma bakin ƙofa inda nake zama shekara biyar da suka wuce. Kawu ya tafi bayan gida wajen awaki. Samira tana ɗakin mahaifiyata.

Sun fi rabin awa. Da suka fito matan biyu suna share ido. Liman ya ce akwai maganar wasu gidaje a ciki, wannan ta tsaya a kunnensu su uku. Wadda ta shafe mu, da izinin gidajen biyu, ita ce wannan. Jaririyar ta ƙi madarar akuya, ta yi kwana biyu tana amai har kukanta ya daina fita. Tabawa ta ɗauke ta a cikin zane ta kai wa Hafsat lokacin da Barmo ya tafi neman aikin ƙarfi. Hafsat ta shayar da ita kwana tara, sau biyu a yini, har aka samu madarar gwangwani daga likita. Ta roƙi Tabawa kada mijinta ya ji. Bayan wata biyu jaririn Hafsat ya rasu, ita kuma ta sake zuwa ta sa Tabawa ta rantse, don tana tsoron a ce nonon da ta raba ne ya kashe shi. Tabawa ta ce a cikin muryar ba shi ba ne, gudawa ce ta ɗauki yara bakwai a unguwar a watan, amma ta rantse, kuma ta riƙe. Ta ce in an kai ga buɗe wannan, to an kai inda rantsuwar ba ta da sauran amfani.

Liman ya ce babu aure. Ranar Litinin aka mai da kayan auren da aka kawo.

Malam Barmo bai zo ba, bai aiko ba, sai bayan mako uku. Ya zo shi kaɗai a kan babur, ya ce a nuna masa yarinyar. Ya kalle ta ya ce, "Ashe ke ce." Ya ba ta wani zoben azurfa na Hafsat, ya hau babur ya koma. Nura ya karɓi aikin famfo a wajen Agadas, can yake har yanzu. Da ƙaramar salla ya kira Kawu ya gaishe shi, ya ce a gaida ƙanwarsa. An isar da saƙon.

Samira ta yi kusan wata biyu ba ta haɗa ido da mahaifinta. Tana kai masa abinci shago, ta ajiye, ta juya. Shi ma bai neme ta da magana ba. Wata rana ta ajiye kwanon ba ta tafi ba, ta tambaye shi sunan jaririn da ya rasu. Bai sani ba, ya kira Gwaggo Kadi a waya. Sunansa Ila, kwanansa ɗari da goma sha biyu a duniya. Samira ta zo ta ce in rubuta shi a kayen gidanmu, a shafinsu, tsakaninta da ƙanenta. Na rubuta, na kuma rubuta Nura da sauran ƴaƴan Hafsat uku a ƙarƙashinsa, don kada wani ya sake tono bango a kansu.

Kawu ya sauya mabuɗin, tunda tsohon ya sha idanu. Ya buɗe arba'in ɗin da suka rage ya sake kulle su ba tare da ya kunna ko ɗaya ba. Sabon mabuɗin ya kai wa maƙeri ya buga shi a kan ƙarfe biyu, rabi-rabi, ɗaya yana wurin liman ɗaya yana wurina, kuma wannan karon ya tara gidan ya gaya wa kowa. Yana nan a shagonsa yana buga takardu. Samira tana koyon aikin ungozoma a Damagaram, shekararta ta farko.

Attahir ya zo da jar ƙasa zai rufe inda ya tona. Kawu ya ce ya rufe. Samira ta ce a bari tukuna, shi ya sa har yanzu akwai farin wuri kamar faɗin faifai a bayan ƙyauren, da layi uku da ɗan guntu.